Wasiƙa daga Lido

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya tare da iyali. A gaishe mini da Baba da Hajiya.

Ka san ni da cunkoso ba ma ga maciji. Kwana biyu na yi a birnin Benis na Italiya, wallahi kamar Kantin Kwari a jajibirin sallah, kafaɗa na gogar kafaɗa a kan kowace gada, kowa ya ɗaga waya sama. A rana ta uku na gaji, na hau jirgin ruwan haya da suke kira vaporetto daga San Marko, babban dandalin birnin. Cikin kamar minti 15 muka sauka tsibirin Lido.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne ganin bas da motoci, domin a cikin Benis ko keke ba a hawa. Tsibirin siriri ne, tsawonsa kilomita 11, shi ne ya tare birnin daga Tekun Adriyatik. A nan ake bikin finafinan nan da aka fara a 1932, amma ni a Oktoba na zo, hayaniyar ta wuce. Rumfunan bakin teku duk an rufe, sai tsofaffi da karnukansu.

Na yi hayar keke na nufi kudu, ta kan katangar duwatsun da suke kira murazzi, wadda aka gina tun ƙarni na 18 don kada teku ta cinye ƙasar. Kusa da ƙauyen Malamokko sarƙar keken ta zame. Wani dattijo mai kamun kifi ya ajiye ƙugiyarsa, ya gyara mini, hannunsa duk baƙin mai. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Na miƙa masa kuɗi ya harare ni, sai na ba shi dabinon da ke aljihuna. Wannan kam ya karɓa.

La'asar ta same ni a Alberoni, can ƙarshen tsibirin, tsakanin tudun yashi da itatuwa. Na shimfiɗa rigar sanyina na yi salla, babu motsin kowa sai ƙarar ruwa. Da dare na ci ƙananan kifi da aka jiƙa da albasa da ruwan tsami. Kai da ba ka son tsami, sai dai ka nemi gasasshe.

In Allah Ya kawo ka, a Lido za mu kama masauki, mu riƙa shiga birnin da sassafe. Ka dai taho da yajin Hajiya, nawa ya ƙare.

Naka har kullum,
Amininka