Edita, ba mai sanda kaɗai ke yin kiɗan ba

Assalamu alaikum Edita, ina fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'ar gidan. Na saurari shirinku inda kuka kawo labarin bikin kiɗan sabuwar shekara da ake yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya duk ranar 1 ga Janairu, kun kyauta wallahi, sai dai ɗan'uwa mai gabatarwa tun farko har ƙarshe mutum ɗaya ya riƙa yabo, wannan mai kaɗa 'yar sanda a gaba, wato jagoran makaɗan, su kuwa mutanen da ke zaune da kayan kiɗa ko sannu ba su samu ba.

Ita ƙungiyar makaɗan Biyana da ke yin kiɗan wannan biki an kafa ta ne a 1842, kuma tun 1933 ba ta da jagora na dindindin, makaɗan ne da kansu suke zaɓen wanda za su gayyato ya riƙe musu sandar. To ka ga wa ke da gida wa ke baƙo.

In ka lura da zaman nasu, na gaba su ne masu tsirkiya kuma su suka fi yawa, sun fi rabin taron, akwai masu bayolin, wato gogen Turawa, kashi biyu, sai biyola, sai celo da ake sa wa tsakanin ƙafafu, sai babban nan dabul bas da ya kusa tsawon mutum. Yawansu ba don ado ba ne, muryar tsirkiya ɗaya ba ta da ƙarfi, shi ya sa ake tara su da yawa don kada masu busa su danne su. A bayansu akwai masu busa sarewa da kalarinet da basun da obo, shi obo ɗin nan ɗan'uwan algaitarmu ne don bakinsu iri ɗaya ne, kuma shi ke fara ba da sautin da kowa zai saita kayansa a kai kafin ma mai sanda ya fito. Masu kayan busa na tagulla, tirampet da tuba da sauransu, can baya ake kai su saboda ƙara, su kaɗan ne amma in suka buɗe sai a hankali. Mai ganga kuwa har tausayi yake ba ni, zai iya zama shiru yana ƙirge a zuci tsawon lokaci don bugu ɗaya tak, in ya kuskure ko da daƙiƙa ɗaya duk zauren ya ji.

Wani abu da ya kamata a ce kun faɗa, sai a 1997 ne ƙungiyar ta yarda ta ɗauki mace a matsayin cikakkiyar mamba, Anna Lelkes mai kaɗa hap, wani babban kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kaɗawa da yatsu, bayan ta yi sama da shekara 20 tana musu kiɗa.

Ni ban ce mai sanda ba ya aiki ba, shi ke tsaida sauri da inda za a sassauta, amma ku duba kiɗan ƙarshe na bikin da jama'a ke tafi, ai juya wa makaɗan baya yake yi yana ba 'yan kallo umarni, su kuma suna ci gaba da abinsu lafiya lau. Don Allah a shiri na gaba a sa mana muryar kowane sashe daban mu ji bambancin.

Naku,
mai sauraronku daga Damagaram