Kwamfutar ƙanena ta kulle kanta

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ya sami ƙanena nan Gusau, mai shagon buga takardu kusa da tasha. Laftof ɗinshi ta lalace ya kai wurin mai gyara aka canza mata wani abu a ciki, ana kunnawa sai ga shuɗin allo wai a sa makullin BitLocker mai lamba 48, wato tsarin Microsoft da ke kulle fayilolin kwamfuta, ƙanen nawa kuwa wallahi bai taɓa jin sunan abin ba. Furojet ɗin ɗalibai, takardun filayen mutane, hotunan biki, duk suna ciki.

Mai gyaran cewa ya yi a yi mata fomatin kawai a huta. Allah ya sa ina wurin na hana, ai fomatin shafe komi ne. Fayilolin nan an birkita su ne da lissafi, ko ka cire ma'ajiyar fayilolin (hard disk) ka sa wata kwamfuta shirme za ka gani, in ba makullin ba babu gwanin da zai buɗe ma, kada wani ya ci kuɗinka a banza.

Kwana uku muna neman imel ɗin da aka buɗe mishi ranar da ya saye ta, da munka samu munka shiga asusunshi na Microsoft ta waya, sai ga lambar makullin a ajiye.

WhatsApp ma haka ne, in ka kulle bakof, wato kwafin saƙonninka da aka ajiye, da fasuwod ko lamba 64 ka manta kuma waya ta ɓace, su kansu ba su iya buɗe ma. Tawa lambar ta WhatsApp dai na rubuta ta bayan littafin bashi na shago.

Naku,
Mai karatu daga Gusau