Zuwa ga Abokan Cinikinmu: Mun Daina Sayar da Ɗanyen Kashin Kaji

Assalamu alaikum, ya ku abokan cinikinmu masu daraja.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku, mun rubuto ne don mu sanar da ku wani canji da zai shafi kusan duk mai hulɗa da gonarmu, ko mai sayen ƙwai ne, ko mai ɗaukar 'yan tsaki, ko mai lambu da ke zuwa neman taki. Daga yanzu ba za mu ƙara sayar da ɗanyen kashin kaji ba, wato wanda aka kwaso daga ɗakin kaji aka ɗura a buhu nan take. Abin da zai riƙa fita daga ƙofarmu shi ne takin da ya ruɓe, ya ɗauki zafi ya huce. Mun san wannan ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman masu lambun da suka saba aiko da mota a loda musu a ranar da suka nema. Shi ya sa muka ga bai kamata mu liƙa sanarwa a ƙofa kawai mu yi shiru ba.

Da farko dai ku kwantar da hankalinku, kajinmu lafiya suke, alhamdu lillahi, kuma likitan dabbobi yana duba su a kai a kai. Sai dai idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 da ke yawo a duniya yanzu an fara gano ta ne a jikin dinya a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. A shekarar da ta biyo baya ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu, aka hallaka kaji sama da miliyan ɗaya don a tare ta. Ba ta tsaya ba. Ta shiga Turai, ta iso Afirka a 2006, ta tsallaka nahiyar Amurka ta Arewa a ƙarshen 2021, a 2024 kuma aka same ta a jikin shanun madara a Amurka. Cutar Newcastle ta fi ta daɗewa, tun 1926 aka san da ita, kuma har yau ita ce ke share garken kajin gida cikin 'yan kwanaki a inda ba a yi rigakafi ba. Ga Gumboro, wadda ƙwayarta ke iya yin watanni a ɗakin da aka kwashe kaji tana jiran sabbin 'yan tsaki. Ga kuma cutar kashin jini, wadda jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke raya ta.

Dukansu huɗun ta kashi suke fita daga jikin kaza. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, kaza kan fara zubar da ƙwayar cutar kafin ta nuna wata alama, tana ci tana sha, ba wanda zai ce wani abu na damunta. Ke nan ko mu da muke tare da su kullum ba za mu iya rantse muku cewa buhun da aka ɗura da safe ba ya ɗauke da komai ba. Buhun nan zai sauka a lambu, mai lambun kuma sau da yawa yana da 'yan kajinsa a gida, za su je su tona. Motar da ta ɗauko shi gobe tana wata gonar da tayarta da takalmin direbanta. A yawancin lokuta haka cutar ke yawo, a ƙafar mutane da kayan aikinsu, sai a ɗora wa iska ko tsuntsayen daji laifin gaba ɗaya.

Mutane ma ba su tsira ba. Ɗanyen kashin kaji kan ɗauki ƙwayoyin cutar Salmonella da Campylobacter, masu haddasa gudawa da zazzaɓi, kuma latas ko karas da aka ci ɗanye ba wutar da ta taɓa shi. Dokar noman da ba ya amfani da takin zamani a Amurka ta yanke cewa idan an zuba ɗanyen kashi a gona, sai an jira kwana 120 kafin a girbe amfanin da ɓangaren da ake ci ke taɓa ƙasa, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa. Latas kuwa bai kai kwana 120 a fili ba ake cire shi. Ku yi lissafin da kanku.

Batun ruwa shi ne wanda ba a cika magana a kai ba, domin ɓarnarsa ba ta bayyana a gonar wanda ya yi ta. Kashin kaji yana da nitrojin da fosfaros da yawa, shi ya sa ganye ke yin shar idan an zuba shi. Amma idan aka tara shi tsibi a fili ruwan sama ya same shi, baƙin ruwan nan da ke tsiyayowa daga gindinsa hanya biyu yake bi. Wani ya nutse ƙasa ya tarar da ruwan rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarin naitiret, wanda nitrojin ɗin ke rikiɗewa ya zama, a ruwan sha a kan miligiram 50 a kowace lita, saboda idan ya yi yawa yana hana jinin jariri ɗaukar iskar shaƙa yadda ya kamata, kuma ba a gane shi da ido ko da harshe, tafasa ruwan ma ba ya fitar da shi. Wani ruwan kuma ya gangara rafi ko tafki, fosfaros ɗin ya ciyar da gansakuka ta rufe fuskar ruwa, idan ta mutu ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. A Amurka jihar Oklahoma ta maka manyan kamfanonin kaji a kotu a 2005 kan gurɓata kogin Illinois da kashin kaji, ba a yanke hukuncin da ya ba jihar gaskiya ba sai a 2023. Kogin Wye da ke tsakanin Ingila da Wales ma ana ta ce-ce-ku-ce a kansa saboda yawan gidajen kaji a kewayensa. Waɗannan manyan gonaki ne, mu ƙanana ne, amma rijiyar maƙwabci ba ta tambayar girman gonar da ta ɓata ta.

A nan akwai abin da muke so masu lambu su riƙe da kyau. Ruɓar da taki yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma ɗaure nitrojin ya riƙa fita a hankali, amma ba ya rage fosfaros ko kaɗan. Kashin kaji kuwa fosfaros ɗinsa ya fi abin da shuka ke buƙata idan aka gwada da nitrojin ɗinsa. Wanda ke labta shi shekara da shekaru don ganye ya yi kore, tara fosfaros yake yi a ƙasarsa, wata rana ruwa zai kwashe. Mu masu sayarwa ne, amma shawararmu ita ce ku rage hannu. Kaurin yatsa biyu a kan kunya, a cakuɗa da ƙasar sama, ya wadatar ga yawancin kayan lambu. Ku haɗa da shuka wake ko wani abu na danginsa a tsakani, ku rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, kada ku zuba taki dab da rijiya ko bakin rafi, kada kuma ku zuba ana shirin tafka ruwan sama.

Ga yadda muke yin takin. Muna haɗa kashin da abin da ke da ƙarancin nitrojin, kamar garin katako, ƙaiƙayi da busasshen ganye, domin kashin shi kaɗai wari kawai zai yi, nitrojin ɗinsa ya zama iskar amoniya ya tashi ya bar shi. Muna jiƙa shi daidai yadda idan ka matsa a hannu zai dunƙule ba tare da ruwa ya zubo ba. Ana jera shi dogayen tsibi a kan daɓen siminti ƙarƙashin rumfa, ruwan da ya tsiyaye a tare shi a mayar kan tsibin. Ma'aunin da muka ɗauka shi ne wanda waccan dokar ta Amurka ta gindaya: zafin cikin tsibi ya kai digiri 55 a ma'aunin Salshiyas, ya zauna a haka kwana 15, a juya shi aƙalla sau 5 a tsakanin. Juyawar ba don ado ba ce. Gefen tsibi ba ya ɗaukar zafi, sai an tura shi tsakiya, in ba haka ba cutar da ke gefen tana nan da ranta. Da ma'aunin zafi mai dogon tsinke ake aunawa kullum a rubuta, ba da tafin hannu ba. Bayan nan sai a bar shi ya huce na makonni har warin ya koma na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Dabarar ba sabuwa ba ce, masanin noma ɗan Birtaniya Albert Howard ya tsara irinta a Indore ta ƙasar Indiya tun shekarun 1920, manoma kuma sun riga shi sanin cewa tsohon juji ya fi sabo.

Akwai abin da zafi ba ya maganinsa. Ƙarafa irin su tagulla da zinki da ake sawa a abincin kaji suna nan a cikin takin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma wasu na narkewa wasu na saura. Saboda haka ba ma ba lafiyayyun kaji irin waɗannan magunguna don su yi saurin girma, abin da Tarayyar Turai ta haramta tun 2006. Idan likita ya rubuta wa wani garke magani, shimfiɗar ɗakinsu daban za mu tara ta, ba za ta shiga takin masu kayan ganye ba. A jikin kowane buhu za ku ga ranar da aka haɗa tsibin da ranar da aka ɗura. Mai son ganin littafin awon zafi ya tambaya, za a nuna masa.

Sauran canje-canjen gajeru ne. Baƙo ba zai ƙara shiga ɗakin kaji ba, ko da tsohon abokin ciniki ne, za a kawo muku kayanku bakin ƙofa. Za a fesa wa tayar mota magani kafin ta shigo. Ba za mu karɓi tsohon buhu ko kiret na kwali da ya je wata gona ba, na roba kuwa za mu wanke. Idan kajinku suka fara mutuwa da yawa ba zato, don Allah kada ku sayar da sauran cikin gaggawa, kada ku jefar da mushen a bola ko a rafi, kada ku ba karnuka. Ku kira likitan dabbobi, ku kuma dakata da zuwa wurinmu har a san abin da ake ciki. Ku kira mu a waya, za mu san yadda za a kai muku kayanku.

Tsibin taki kan ragu sosai idan ya ruɓe, wani lokaci har kusan rabi, ga aikin juyawa, saboda haka kuɗin buhu zai ɗan motsa, za kuma mu sanar da ku kafin lokacin. Tunda ba a gaggauta ruɓa, mai buƙata ya ba da sunansa da adadin buhunan da yake so wata uku kafin lokacin shukarsa. Waɗanda suka riga suka biya kuɗin ɗanyen kashi suna da zaɓi: a mayar musu da kuɗinsu, ko su jira rukunin farko na ruɓaɓɓen takin a ba su adadin buhunan da suka biya ba tare da ƙari ba.

Mun gode da haƙurinku. Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya sa albarka a gonakinku.

Naku,
Masu gudanar da gona da ma'aikatanta