Yaƙin Yukren da jami'an leƙen asirinmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci kan yaƙin Rasha da Yukren, wanda wasu 'yan'uwanmu a nan Agege ke ɗauka rigimar Turawa ce kawai.

Kafin dakarun Rasha su kutsa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya sun shafe makonni suna bayyana wa duniya abin da ke tafe, alhali kuwa irin waɗannan bayanai an saba ɓoye su ne. Mutane da dama sun ƙaryata su, har sai da tankoki suka nufi Kiyef.

A Nuwamban 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi gargaɗi a Abuja cewa makaman wannan yaƙi suna kwararowa yankin Tafkin Chadi. A ganina, nan ne batun ya shigo gidanmu. Hukumominmu na tsaron farin kaya (DSS) da na leƙen asirin ƙasashen waje (NIA), waɗanda aka kafa tun 1986, ya kamata su sanya ido sosai kan tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Kan, kuma su riƙa sanar da jama'a haɗari tun kafin ya auku.

Naku,
Wani mai karatu,
Agege, Legas.