Baba mai shago ya rasu, littafin bashinsa na nan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu don in yi ta'aziyyar wani dattijo da Allah ya yi wa rasuwa a unguwarmu, nan Tudun Wadan Zariya. Ba basarake ba ne, ko kansila bai taɓa yi ba, saboda haka na san ba za a ji labarinsa a rediyo ba. Mai shago ne, kuma babba da yaro Baba muke ce masa.

Da tireda ya fara, ashana da alawa da kananzir, tun ana kashe fam da sule. Iyayenmu sun ce lokacin da aka kawo naira da kwabo a 1973, wurinsa tsofaffi ke zuwa ya lissafa musu canji don kada a cuce su a kasuwa. Amanar da aka san shi da ita daga nan ta samo asali. Da shago ya kafu, shi da kansa yake zuwa sari kasuwar Sabon Gari, kuma mudunsa a cike yake, har da ɗan gyara a kai.

Bencin ƙofar shagon nan ya kashe rigingimu da yawa kafin su kai gaban alƙali. Bayan la'asar za ka tarar da shi zaune, maƙwabta biyu suna jayayya kan katanga ko magudanar ruwa, shi kuma yana saurare har kowa ya gama. Ba ya ɗaga murya. Mai unguwa ma yakan ce a fara kai masa magana. Kuɗin gyaran tiransifoma a hannunsa ake tarawa, gayyar yashe kwata kafin damina shi ke kira, kuma ɗaliban harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke haya a layinmu sun sha garin kwaki da sukari bashi a wurinsa kafin a aiko musu daga gida.

Ba zan manta da farkon 2023 ba, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, magidanta suna wuni a layin banki su dawo hannu rabbana. Baba bai rufe shago ba. Mace za ta aiko yaro da kwano, ya auna masa shinkafa, ya jawo littafin nan mai baƙin bango ya rubuta, shi ke nan.

Wannan littafi shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar jana'iza liman ya yi sanarwa cewa duk mai bin marigayi bashi ya zo, ba a samu kowa ba. Waɗanda shi yake bi kuwa, har aka yi sadakar arba'in ƙalilan ne suka leƙo. 'Ya'yansa sun nuna mini littafin. Sunayen zawarawa da gajiyayyu ya ja musu layi da jan biro tun yana raye, wato ya yafe. Sauran suna nan, cikinsu har da masu albashi da masu mota. Abin ya ƙona mini rai. Wannan kuɗi yanzu gado ne, akwai marayu ƙanana a ciki, kuma iyalin suna jin nauyin tambaya saboda maƙwabtaka. Kantar shagon ta fara yin fayau don babu jarin sari.

Don Allah, duk wanda ya san sunansa na ciki ya je ya sauke nauyi, ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda ba shi da hali ya je ya nemi yafiyar magada da bakinsa. Limamanmu kuma su riƙa haɗawa da masu riƙe da haƙƙin mamaci idan suna sanarwa a maƙabarta.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Naka,
Wani maƙwabcinsa, Tudun Wada, Zariya