Wutar daji tana cinye rumbun makiyaya, a buɗe layukan tare wuta da wuri

Assalamu alaikum malam edita, barka da aiki, ya sanyi ya iyali. Ni ɗan Tahoua ne, saye da saida bisashe nake, kasuwar Abalak da ta Cintabaradan duk ina cin su, kuma ban cika rubuto muku ba amma wannan magana ta tsaya min a rai.

Ina jinku kullum in wuta ta tashi a ƙasashen waje kuna ba da labari har da masana, wadda ta ci Kanada a 2023 sama da hekta miliyan 15, da ta Aljeriya maƙwabciyarmu a watan Agusta 2021 da ta kashe mutane da dama har da sojoji a yankin Tizi Uzu, Allah ya jiƙansu. To mu ma fa kowace shekara daga Oktoba zuwa wajen Fabrairu daji na ci a nan arewacin Tahoua, Abalak, Tasara, Tiliya, kuma sai dai mu ji a bakin direbobi a tasha. Na san dalili, ba bene ke ƙonewa ba, ciyawa ce, wanda ke zaune Yamai in ka ce masa ciyawa ta ƙone sai ya ce to sai me, ai za ta sake fitowa.

Wallahi malam edita ba ta fitowa. A nan ne mutane ke kuskure. Can kudu inda ruwa ke da yawa akwai ciyawa mai saiwa irin gamba, in aka ƙone ta da wuri tana tohowa, shi ya sa ma a gandun namun daji na W ma'aikata da kansu suke sa wuta tun farkon rani da gangan don kada babbar ta zo daga baya. Mu namu dajin ƙarangiya ce da 'yan uwanta, ciyawar shekara guda, damina ta fito ta zuba iri ta bushe shikenan, ita ce dabba za ta ci tun daga kaka har ruwan Yuni ko Yuli. In wuta ta bi ta to wata takwas ne na abinci ya tafi a yini ɗaya, kuma har irin da ya zuba a ƙasa wani yana ƙonewa, ga ƙananan itatuwa, aduwa da ƙandili da magarya da ba su yi ƙarfi ba duk sun tafi, ƙasa ta zauna tsirara iskar hunturu ta kwashe ta. Manomi in rumbunsa ya ƙone gari duka sai an zo jaje, to makiyayi ciyawar nan ita ce rumbunsa, a fili yake ba rufi ba ƙofa.

Abin mamaki kuma shekarar da aka fi samun ruwa ita ce aka fi shan wuta. Damina irin ta 2024 da ruwa ya yi yawa har da ambaliya, ciyawa ta yi kauri ta haɗe ba inda ta yanke, ana murna ana hamdala, amma wannan kaurin shi ne makamashi. Shekarar fari wuta ba ta samun abin ci, ta ɗan yi gaba ta mutu.

Na taɓa gani da idona, muna dawowa daga wata rugga da wani kawuna da yake kiwo can, da azahar iska na kaɗawa daga gabas, sai muka hango hayaƙi kamar hadari ya haɗo. Kafin mu juya mota an fara ihu, maza da mata da yara kowa da reshen itace da buhu, wasu na watsa rairayi, ruwan da ke bido ma na sha ne wa zai zuba wa wuta. Ba rezo balle a kira wani, kuma ko an kira, motar kwana-kwana daga gari ta yi kilomita sama da 100 cikin rairayi yaushe za ta iso. Sai dare da iska ta kwanta aka samu kanta. Kawu bai rasa dabba ko ɗaya a wutar ba amma kafin bazara ta ƙare ya saida kusan rabin garkensa a wulaƙance don sayen dusa, ni da nake dillali na ji kunyar kuɗin da aka ba shi. Garken ma wutar na wucewa ya kora shi kudu tun manoma ba su gama kwashe amfani ba, kun san kuma abin da wannan ke haifarwa tsakanin manomi da makiyayi.

Masu ta da wutar mu ne, ba aljanu ba. Mai shayi ya tashi ya bar garwashi bai binne ba, matafiyi ya jefar da guntun taba ta tagar mota, mai ɗibar zuma, yara masu farautar ɓera da zomo, mace ta hura wutar girki iska ta ɗauki tartsatsi. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, dokar kiwo ta 2010 ma tana nan, amma wa zai kama wanda ya sha shayi a tsakiyar daji ya wuce.

Abin da na ga yana aiki shi ne layin tare wuta, wanda ma'aikatan gandun daji ke ce wa parfe. A share ciyawa tas a yi hanya mai faɗin mita 15 zuwa 20 ta ratsa daji, wuta in ta zo nan ba abin ci sai ta tsaya ko ta rage ƙarfi har a kashe ta. Ana biyan mutanen ƙauye su yi aikin da manjagara, su samu na cefane, ciyawar da aka share ma a tara ta a ajiye ko a saida. Aiki ne mai kyau ba wanda ya musa. Matsalar lokaci ce, sau da yawa sai Disamba ko Janairu kake ganin an fara, bayan wuta ta riga ta ci abin da za ta ci, kuma layin bara in ba a sake share shi ba ciyawa ta rufe shi kamar ba a taɓa yi ba. Kamata ya yi kuɗin ya sauka tun Satumba, makiyaya na dawowa daga taron shekara-shekara na lasar gishiri a Ingal ana buɗe layi. Kuma a tambayi ardo da shugabannin Buzaye inda za a ja shi, sun fi mai taswira sanin ta inda iska ke kawo wuta. Na san akwai wuraren da rashin tsaro ya hana shiga, to inda ake iya shiga fa?

Roƙona gare ku, in Satumba ta kama ku gayyato ma'aikatan gandun daji da na kiwo ku tambaye su kilomita nawa aka share bana kuma a ina, ku yi shirin da Hausa da Tamajak da Fulatanci don na rugga rediyo yake ji ba ya karanta jarida. In kuna son wanda zai raka ɗan rahotonku ya ga inda ta ci, ni ina zuwa Abalak kowane mako.

Na gode, a gaida ma'aikata.
Mai sauraronku daga Tahoua.