Murnar haihuwar dolfin a tafkin siminti ta yi wuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in yi tsokaci kan wani irin labari da kafafen yaɗa labarai ke yawan kawowa, wato an haifi ɗan dolfin a gidan kallon dabbobin ruwa a Turai ko Amurka, masu gidan na cewa an samu nasarar kare jinsin. Ni ma nakan ji daɗi in na ga hoton, amma ana ɗora wa haihuwar nan nauyin da ba nata ba.

Mutanenmu da yawa kifi suke ɗaukar dolfin. Alhali da huhu take numfashi, haihuwa take yi, kuma nono take shayarwa. Cikinta kan kai wata 12, ɗa ɗaya take haifa, yawanci wutsiya ke fara fitowa, yana fita kuma sai ya yi sama ya shaƙi iska. A makonnin farko uwa da ɗa kusan ba sa runtsawa, yana manne a gefenta duk inda ta nufa. Zai sha nono shekara ɗaya da rabi ko fiye, ya zauna tare da ita shekara 3 zuwa 6 yana koyon farauta. Ashe ranar haihuwa somin taɓi ce, aikin yana gaba.

Abin da ke kashe 'ya'yan a teku shi ya fi tayar mini da hankali, domin akwai hannun ɗan Adam dumu-dumu a ciki. Gubar masana'antu da ake kira PCB tana taruwa a kitsen uwa tsawon shekaru, in ta yi haihuwar fari sai ta juye wa ɗan mafi yawanta ta cikin nono. Wato abincin da zai rayar da shi ne ke sa masa guba. Bayan fashewar rijiyar mai ta Deepwater Horizon a 2010, masana sun bibiyi dolfin masu ciki a gaɓar Barataria ta jihar Luwiziyana a Amurka: kashi 20 cikin 100 ne kawai suka haifi ɗa mai rai, alhali a gaɓar Sarasota ta Fulorida, inda ake nazarin dolfin tun 1970, adadin ya kai kashi 83. Duk wanda ya san halin da malalar mai ta jefa yankin Neja Dalta, dole wannan lissafi ya tsaya masa a rai.

Su kuwa na tafki, tun 1947 ake samun haihuwar da ɗan ya rayu a Fulorida, don haka ba sabon abu ba ne. Nau'in da aka fi kiwo ma ba ya cikin barazanar ƙarewa, kuma wanda ya tashi ana miƙa masa mataccen kifi da hannu da wuya a mayar da shi teku. Kanada ta hana wannan kiwo a 2019, Faransa ta kafa tata dokar a 2021, gidan kallon dabbobin ruwa na Marineland da ke birnin Antib a Faransa kuma ya rufe a Janairun 2025.

Wanda ke bakin halaka yana nan kusa da mu: dolfin mai tozo na gaɓar yammacin Afirka, wanda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa cikin masu fuskantar matsanancin haɗarin ƙarewa a 2017. A ruwa marar zurfi yake zama, daidai inda masunta ke shimfiɗa raga, kuma in uwa ta maƙale ta mutu, ɗan da ke shan nono ba zai kai labari ba. Ina roƙonku ku tura wakili bakin teku ya tattauna da masunta da masana a kan wannan. In kuma za ku sake kawo labarin haihuwa a tafki, ku koma bayan shekara guda ku gaya mana ko ɗan yana raye.

Na gode.

Mai bibiyarku daga Kano